Yaɓen Kawu a Bakin Teku

Kawuna bai taɓa ganin tsaga a bango ya wuce ba. Ko a gidan mutane ne sai ya tsaya ya sa yatsa ya shafa, yana girgiza kai kamar ya ga yaro da majina. Ba laifinsa ba ne. Gidanmu a Damagaram gidan magina ne, kakana da hannunsa ya ɗaga soraye da yawa a cikin Birni, kuma abin da muka tashi muna ji shi ne, magidancin da damina ta samu bangonsa a tsage ya ji kunya. Kafin ruwan fari kowa ya kwaɓa ƙasa ya yi yaɓe. Kawu ya bar gida tun yana saurayi, ya kama kasuwanci, amma hannun nan bai rabu da shi ba.

Shi ya tarbe ni ranar da na sauka Paris don karatu. Ya zo mini da rigar sanyi ta maza wadda ta kai mini gwiwa, ya ce sanyi bai san ado ba. Na yi wata biyu a gidansa a Stains, hawa na tara, inda rabin falon dilolin shadda ne da kwalayen takalma, Hajiya matarsa tana ratsawa ta tsakaninsu da tiren abinci. Shekara ashirin yana kasuwanci daga falo da sito na aro, kuma abin yana cin sa. Yakan ce ɗan kasuwar da ba shi da ƙofar kansa ɗan talla ne, komai girman rawaninsa. Da na gaya masa karatun gini zan yi, sai da ya buga wa kowa waya. Daga ranar ya daina kirana da sunana, na koma Injiniya.

Na gama karatu a Lyon, na samu aiki a wani ofis da ke duba lafiyar tsofaffin gine-gine. Ina zaune a Vénissieux, a dogayen benayen Minguettes, kullum in hau taram in sauya meturo, jiragen ƙasan cikin gari, in je in wuni ina leƙen ƙarƙashin gidajen mutane da tocila. A cikin shekarun nan ne Kawu ya kira ni ya ce ya samu ƙofa. Wani ƙaramin gari ne a kudu, a bakin teku, mai tashar jiragen ruwa da ke tsallakawa ƙasashen Larabawa. Zai sayar wa matafiya akwatuna da barguna da butoci, kuma yana kusa da inda ake loda masa kayan da yake aikawa gida. Hajiya da yara za su zauna Stains tukuna saboda makaranta. Na yi masa murna da gaske. Abin da ban tambaya ba shi ne me ya sa wurin ya samu cikin sauƙi haka.

Sai da ya yi kusan shekara a can kafin in je, wata Asabar bayan zafi ya wuce. Daga tashar jirgin ƙasa ya ja ni da ƙafa muka ratsa tsohuwar kasuwar garin, yana nuna mini gidaje kamar shi ya gada. Layi ne na gidajen attajiran da, hawa hurhuɗu, an gina su da dutse mai ruwan ƙasa. Kowanne ƙasansa kanti ne mai ƙofar bakan gizo, can sama kuma ga ƙugiyar ƙarfe da ake jan buhuna da ita a zamaninsu. Wasu an sassaƙa musu hoton jirgi a bisa ƙofa. Rabin kantunan a rufe suke, allunan sunayensu sun koɗe, tagogin katako sun karkace. Iska tana kawo warin gishiri da na ruɓaɓɓen itace, tsuntsayen teku suna ta kuka irin na jarirai.

"Kin ga waɗannan duka?" in ji Kawu. "Gyaɗarmu ta gina su. Daga Maraɗi da Damagaram ake ɗauko ta a sauke nan. Ni dai na zo in zauna a cikin haƙƙinmu."

Na yi dariya, amma idona yana wani wuri. Gidan da ke jikin nasa ta hannun hagu babu shi. An rushe shi, an share filin, motoci suna tsayawa. Irin waɗannan gidaje jingine suke da juna tun ranar da aka gina su, in aka cire ɗaya sai na kusa ya fara neman inda zai kwanta. Na ɗaga kai na bi kusurwar gidan da ido har sama.

Kantin kuwa tsaf yake. Ya shafe shi fari, ya jera akwatuna bisa tsawo, barguna masu hoton damisa sun kai rufi. A baya akwai ƙaramin ɗaki inda yake kwana, gado da darduma da risho, kan gadon yana jikin bangon hagu. Ya zaunar da ni, ya ɗora shayi, ya miƙo mini lemo. Lemon ya kuɓuce mini. Na zuba masa ido yana gangarawa shi kaɗai, a hankali, ya ratsa ɗakin duka, ya shige ƙarƙashin gado, ya je ya tsaya a jikin bangon nan.

"Ƙasan nan haka yake," in ji Kawu yana durƙusawa ya ɗauko. "Tsufa ne. Ke ma in kin kai shekara ɗari biyu sai kin karkace."

Muna cikin shan shayi wata tsohuwar Baturiya ta leƙo da sanda. Ita kaɗai ta rage a saman benen, mijinta masunci ne, ya daɗe da rasuwa. Ta gaishe ni, ta kama yabon Kawu. Ta ce ƙofarta ta daina rufuwa, shi ya hau ya fere mata ita, har sau uku bana, ko sisi bai karɓa ba. Kawu yana ta murmushi yana cewa maƙwabci ai ɗan'uwa ne. Ni kuwa na ajiye kofina. Ƙofa ba ta girma. In ta daina shiga gurbinta sau uku a shekara, gurbin ne yake matsewa.

Bayan ta tafi na ce ya nuna mini bangon hagu. Ya janye barguna, sai ga ta. Tsaga ce ta taso daga ƙasa ta hau a karkace har ta shige rufi, amma an cike ta, an shafe ta sumul, har da sawun yatsu huɗu a jere irin wanda kakana yake bari a yaɓensa. A kanta, wuri uku, akwai faci na farin kwaɓi irin wanda likita ke ɗaure karaya da shi, kowanne kamar tafin hannu, an rubuta kwanan wata a jiki.

Na san su, don da hannuna na manna irinsu fiye da yadda zan iya tunawa. In ana zargin bango yana motsi, sai a manna wannan kwaɓi a kan tsagar, a rubuta ranar, a tafi. Ba gyara ba ne, ba ya riƙe komai. Aikinsa kawai ya fashe. In aka dawo aka same shi lafiya, bango yana tsaye. In ya fashe, bango yana tafiya, a fitar da mutane. A aikinmu sunansa shaida. Waɗannan ukun lafiyarsu lau, sai na sauke ajiyar zuciya. Sannan na kai yatsa na taɓa na tsakiya, na ji shi da sanyi. Ɗanye ne. Kwanan watan da ke jikinsa kuwa ya fi shekara biyu.

"Kawu, wa ya taɓa wannan?"

"Wa zai taɓa in ba ni ba? Aikin Nasaran nan ba ƙarko. Sun manna abu, wata uku bai yi ba ya fashe. Na je na sayo irin kwaɓinsu, na kankare, na mai da sabo. Ranar ma da suka rubuta ita nake mayarwa da ƙusa, ban taɓa canja musu ko ɗigo ba, amana ce. Mutumin meri in ya zo ya haska tocila, ya ce tare biyan, wato ya yi kyau, ya rubuta a takarda ya tafi. Bai taɓa samun nawa a fashe ba."

Meri ita ce ofishin magajin gari. Kawu ya ɗauka mutumin yana zuwa ne ya ga ko ɗan haya yana kula da gida, kuma ya ƙudura ba za a ce baƙar fata ya shiga gidan mutane ya bar shi ya lalace ba.

Na tambaye shi sau nawa ya gyara. Ya ce da farko sai a yi wata uku. Daga baya duk wata. Yanzu dai ya mai da shi aikin Juma'a, in ya dawo masallaci.

Na so in bi da shi a hankali, Allah ya sani. Na zauna na yi masa bayanin shaida tiryan-tiryan, na kawo maganar lemo da ƙofar tsohuwa da gidan da aka rushe. Ya saurare ni har ƙarshe, yana kaɗa ƙafa.

"Injiniya, kin gama? Bon. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wannan tun ba a haifi uwarki ba na san shi. Tsaga in an bar ta ruwa ya shiga, iska ta shiga, ta ƙaru. In an rufe ta ta tsaya. Mi littafinki ya ce da ya fi wannan?"

"Kawu, ba daga sama ciwon yake ba, daga ƙasa ne. Gidan zama yake yi."

"Gidan dutse? Ya ga yaƙi biyu bai zauna ba, sai da ke kika zo?"

Ni mai saurin fushi ce, duk gidanmu an sani, kuma tsoro yana ƙara mini. Sai na ji bakina yana cewa wannan ba ginin laka ba ne da za a lallaɓa da tafin hannu, kuma kakana da ake ta kira, duk ransa bai taɓa ɗora abin da ya wuce soro ɗaya ba. Ina rufe baki na so ƙasa ta tsage in shige. Mahaifinsa na taɓa, a cikin kantinsa, ina shan shayinsa.

Bai ɗaga murya ba. Ya tattara kofuna, ya ɗauraye su ɗaya bayan ɗaya, ya kife. Sannan ya ce, "Abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Tashi in raka ki, kar jirgi ya bar ki."

A hanya na roƙe shi abu biyu: ya bar shaidun nan su fashe mutumin meri ya gani, kuma ya janye gadonsa daga bangon. Ya ce in ya bar su a fashe za a rufe masa kanti, ya san halinsu. Ashe ya fahimce ni sarai. Gado kuwa, ya ce nan ne kawai kansa ba ya kallon ƙofa.

Na koma Lyon na yi mako uku ina jan ƙafa. Na san abin da ya kamata, na san ofishin da ake rubuta wa, na san ma yadda ake tsara takardar, don aikina ke nan. Amma na san abin da zai biyo baya. Za su zo su manna takarda a ƙofa, su ba shi 'yan sa'o'i ya kwashe kaya, ya koma hawa na tara ya zauna cikin diloli yana da furfura. Kuma ɗiyar ƙanwarsa ce za ta yi masa haka, wadda ya sa wa rigar sanyi da hannunsa. A taram in na ga an yi burki mutane sun karkata gefe ɗaya, sai in tuna lemon nan. Na kira Hajiya na ɗan gutsura mata, ta ce, "Ke dai yi masa addu'a, kin san kawunki. Mu ma hutun yara in ya zo can za mu, ya ce ɗakin baya zai ishe mu." Na ajiye waya.

Ranar wata Talata da hantsi ya kira ni da kansa, ina wurin aiki. Gaisuwa a gajarce, kamar babu abin da ya faru. Ya ce tambaya gare shi ta sana'a: wane kwaɓi ne ya fi wannan ƙarfi? Na Juma'a bai kai yau ba. Kuma da safe ya tarar da gari-garin dutse a kan matashinsa, ya ga alama ɓeraye ne a rufi.

Na ce zan bincika masa. Na ajiye waya, na jawo takarda. Ana iya aika irin wannan ba suna, abokiyar aikina ma ta ce in yi haka. Na ƙi. In zan yanka mutum, gara ya ga hannun. Na rubuta abin da na gani, na rubuta cewa an sabunta shaidun bisa rashin sani da kyakkyawar niyya, na sa sunana da aikina, na aika kafin azahar.

Kwana biyu mutanen meri suka yi. Suka zo da kwalkwali a ka, suka kankare yaɓen Kawu, abin da suka gani a ƙarƙashi bai bar su sun yi doguwar shawara ba. Aka fitar da tsohuwa da akwati ɗaya da kyanwarta, aka kai ta gidan tsofaffi, inda na ji ba ta cika shekara ba ta rasu. Wannan ma yana wuyana, ban manta ba. Kawu ya kwashe bargunansa a motar haya, mutanen layin suna kallo. An nuna masa takardar, ya ga sunan. Bai kira ni ba. Aka kawo manyan gungumen katako aka tokare gidan ta gefen fili, aka toshe ƙofar bakan gizon da bulo.

Ya koma Stains. Bai sake neman wata ƙofa ba.

Kawu ba mai gaba ba ne, kuma da ya yi gabar da ta fi mini sauƙi. Duk Salla nakan hau jirgi in je gaishe shi. In durƙusa, ya amsa gaisuwa cikakkiya, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyin Lyon, ya tambayi mutanen gida. Sunan Injiniya ne kawai ya ɓace, na koma sunana na yanka. Sai an kawo abinci sannan ya ɗago.

"Gidan nan ya faɗi?"

"Bai faɗi ba, Kawu."

"To. Alhamdu lillahi."

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Shekara biyar muna haka, Salla ƙarama da babba. Nakan fito in tsaya a matakala ina cizon leɓe don haushi, har na kama kaina ina fatan gidan mutane ya rushe don a ce na yi gaskiya. Na yi istigfari, amma fatan bai tafi ba.

A shekara ta shida aiki ya kai ni kusa da garin, na ce sai na gani da idona. Layin ya canja. An gyara wasu gidajen, an wanke dutsensu, an buɗe wuraren shan kofi da kantunan masu yawon buɗe ido. Na Kawu yana nan tsaye a cikin katakansa, ciyawa ta fito a tagogi, ƙugiyar sama ta yi tsatsa. Daga titi ba abin da ya same shi. Na samu wanda ke riƙe da mabuɗin ƙofar gefe, na nuna masa katin aikina, ya ba ni kwalkwali, ya ce kar in wuce bakin ƙofa.

Ba sai na wuce ba. Gaban kantin yana nan da farin fentinsa. Ɗakin baya ne babu. Benen tsohuwa ya rufto a cikinsa, da katakan rufi da duwatsu da bahon wankanta, tsibi guda har ya fi ni tsawo, daidai inda gadon yake. Mutumin ya ce tun damunar farko bayan an rufe gidan abin ya faru, da rana tsaka, masu kanti na kusa sun ɗauka mota ce ta yi karo. A abin da ya rage na bangon hagu na hango guntun yaɓe da sawun yatsu huɗu. Na ɗauki hoto. Na fito na zauna a bakin tashar jiragen ruwa na yi kuka mai isata, rabi na godiya ga Allah, rabi kuwa, in faɗi gaskiya, na jin daɗin na samu abin da zan ajiye masa a gaba.

Sallar layya ta zo bayan wata biyu. Na tarar da shi ya rame, ciwon suga ya taɓa masa ido, dilolin falo sun ragu sun koma 'yan ƙalilan. Yana zaune a kujera kusa da taga, yana shafa wani ɗan wuri a bango inda fenti ya ɗago, yana danna shi da babban yatsa ya koma. Wayata tana cikin jaka, na riga na buɗe hoton tun a matakala. Muka gaisa. Hajiya ta kawo nama da masa. Sannan ya ɗago.

"Gidan nan ya faɗi?"

Na sa hannu a jaka na taɓa wayar. Na dubi mutumin nan da ya yi shekara guda cif yana da ƙofar kansa, wanda har yau in ya ba baƙi labari yakan ce ya riƙe gidan dutse mai hawa huɗu da hannunsa, hukuma ba ta taɓa samun aibu a aikinsa ba, sai da aka kai ƙararsa. In na nuna masa hoton, na wanke kaina. Shi kuma ba abin da zai rage masa.

"Bai faɗi ba, Kawu."

"To," ya ce. "Ai na gaya miki." Ya lalubo kwanon ya turo gabana. "Ci nama, ya huce."

Na zare hannuna daga jaka na ci.